Wata bakwai ina ɗaga ƙarfe: abin da littafina ya nuna min game da rabon kwanaki

'Yan uwa, yau wata bakwai cif da na fara rubuta abin da nake ɗagawa a wani ɗan littafi irin na 'yan firamare. Bangonsa duk ya jiƙe da gumi ya bushe, har ya kumbura. Jiya bayan isha'i na zauna na bi shi shafi-shafi, sai na ga ya kamata in ba ku labarin inda aka kwana, musamman ku da kuka fara bayan ƙaramar Sallah kuke ta tambayata kwana nawa za a je a mako, kuma wace gaɓa za a yi wace rana.

Da na fara a Nuwamba, tsarin da na tarar a wurinmu shi na bi, ban tambayi kowa dalili ba. Litinin ƙirji, Talata baya, Laraba kafaɗa, Alhamis ƙafa, Asabar damtse. Kowace tsoka sau ɗaya a mako, a yi mata kaca-kaca, a ƙyale ta sai wani makon. Duk wanda ya taɓa leƙa ɗakin motsa jiki ranar Litinin da yamma ya san halin da ake ciki. Benci biyu gare mu, mutum takwas na jira, kowa ƙirji yake so, wurin tsugunno da ƙarfe a kafaɗa don ƙafa kuwa ko ƙuda babu. Ka yi zagaye ɗaya, wato ka ɗaga ƙarfe 'yan sau a jere ka ajiye, ka tsaya minti shida a layi, jikinka ya huce sarai, ka koma kamar yanzu ka shigo.

Amma ba layin ne ya sa na canza ba. Littafin ne ya tona min asiri. A makonni tara na farko na yi ƙirji sau tara, ƙafa kuwa sau huɗu kacal. Alhamis ce ranar da kaya ke isowa shago, kuma idan mota ta makara sai mu kai ƙarfe tara na dare muna saukewa muna lissafi. Alhamis ɗaya ta wuce ni, ƙafa ta yi kwana goma sha huɗu ba ta ga ƙarfe ba. Akwai lokacin da ta yi kwana ashirin da ɗaya. Duk ranar da na koma kuwa, sai jiki ya karɓe ni kamar baƙo. Ba zan manta wata Juma'a ba: na yi tsugunno da ƙarfe daren Alhamis, washegari a masallaci na kasa tasowa daga sujada sai da na dafa ƙasa da hannu biyu, cinyoyina na rawa. Bayan an sallame, wani dattijo da ke gefena ya dube ni ya ce, "Yaro, lafiya kuwa? Allah ya sawwaƙe." Na ce, "Amin, Baba." Ban iya gaya masa cewa da kuɗina na sayo wannan ciwon ba.

A lokacin ina ɗaukar wannan tsamin jiki a matsayin shaida cewa aiki ya yi. Ashe yawancinsa alamar cewa tsokar ta daɗe ba ta yi wannan aikin ba ne. Da na koma yin ƙafa sau biyu a mako, cikin makonni uku tsamin ya ragu sosai, nauyin da nake ɗauka kuwa sai gaba yake yi.

Ga abin da na fahimta da na tsaya na yi karatu a kai. Idan ka wahalar da tsoka, jiki yakan ƙara himma wajen gina ta na kamar kwana ɗaya zuwa biyu, daga nan ya koma yadda yake. To ka ga wanda ya yi ƙirji Litinin, zuwa Alhamis ƙirjin ya gama abin da zai yi, yana zaune yana jiran wata Litinin. A 2016 wani masani ɗan Amurka, Brad Schoenfeld, shi da abokan aikinsa suka tattara binciken da aka yi kan wannan batu, suka ga cewa motsa tsoka sau biyu a mako ya fi sau ɗaya wajen ƙara mata girma. Amma kada ku tsaya nan, domin a 2019 sun sake tattara bincike mafi yawa, sai suka ga idan jimillar aikin mako ɗaya ce, bambancin da yawan kwanaki ke kawowa ba shi da yawa. Ma'ana, abin da ya fi nauyi shi ne zagaye nawa na gaske tsokar ta samu a mako. Zagaye nake nufi da abin da muke ce wa set. A wani aikin nasu na 2017 sun ga zagaye goma ko fiye a mako ga kowace tsoka ya fi ƙasa da haka amfani.

To idan haka ne, me ya sa har yanzu na fi son sau biyu? Littafin ya ba ni amsa. Ranar ƙirji a tsohon tsari nakan yi zagaye goma sha huɗu a zama ɗaya. Ukun farko na kirki ne, kilo 45 sau takwas. Zuwa na goma kuwa, kilo 30 ma da ƙyar nake turawa sau shida, kafaɗa ce ke aikin, baya ya bankare, ƙirjin ya riga ya tafi gida. Ina ƙirga su a matsayin aiki, alhali rabinsu wahala ce kawai. Da na rage su zuwa goma sha biyu na raba gida biyu, shida yau, shida bayan kwana uku, sai kowane zagaye ya samu ƙarfinsa. Ga kuma babbar riba ga mai shago irina: idan rana ɗaya ta kuɓuce, tsokar ta dai samu ɗaya a wannan makon.

Akwai wani babban yaya a wurinmu, ƙirjinsa kamar ƙofar soro, ya fi shekara goma yana wannan harka. Da ya ga na canza sai ya ce, "Ƙanena, zakarun duniya ma sau ɗaya suke yi, kai wa ya gaya maka?" Ban yi musu da shi ba, domin yana da gaskiyarsa. Dorian Yates na Ingila, wanda ya ci kambun Mista Olimfiya, babbar gasar masu gina jiki ta duniya, sau shida a jere daga 1992 zuwa 1997, kwana huɗu yake zuwa a mako, kowace tsoka kusan sau ɗaya, zagaye kaɗan amma kowanne har sai ƙarfe ya ƙi motsi. Sai dai Arnold Schwarzenegger, mai kambu bakwai, kwana shida yake yi, yana maimaita kowace tsoka sau biyu ko uku. Kafin su kuma, Steve Reeves, wanda ya ci Mista Yunibas a 1950, dukkan jiki yake yi a zama ɗaya, sau uku a mako. Hanya uku, duk sun kai. Kuma Yates da Arnold kowannensu ya amsa da bakinsa cewa ya yi amfani da magungunan ƙara tsoka, sannan ɗaga ƙarfen ne sana'arsu, ba su da motar kaya da za su jira ranar Alhamis. Tun da maganar ta zo, masu yi muku tallar allura a bayan ɗakin motsa jiki, ku ba su haƙuri ku wuce. Hanta da zuciya ba a sayen su a kasuwa.

Tun Janairu ga yadda makona yake. Asabar saman jiki, Lahadi ƙasan jiki, Litinin hutu, Talata sama, Laraba ƙasa, Alhamis da Juma'a hutu. Da gangan na bar wa jama'a Litinin ɗinsu, na kuma bar wa shago Alhamis ɗinsa. Ranar sama nakan fara da turin ƙirji a benci, sai jan jiki a sanda, sai tura ƙarfe sama da kai, sai janyo ƙarfe zuwa ciki a sunkuye, kowanne zagaye uku, in ƙara uku na ƙirji da ƙananan ƙarafan hannu, in rufe da biyu na damtse. Ranar ƙasa kuwa tsugunno, ɗaukar ƙarfe daga ƙasa don bayan cinya, dogon taku da nauyi a hannu, sai ɗage don sha-raɓa. Awa ɗaya da 'yan mintuna na fito. Kowane zagaye nakan tsaya ne idan na ji saura ɗaya ko biyu in kasa. Ranar da na cika sau goma a duk zagayen, mako mai zuwa sai in ƙara kilo biyu da rabi.

Sau biyu na kauce daga wannan tsari. Na farko da azumi, kuma wannan dole ce. Na koma kwana uku, dukkan jiki a zama ɗaya bayan tarawihi, zagaye biyu-biyu, ban rage nauyin ƙarfe ba. Bayan Sallah na tarar babu abin da ya zube, domin riƙe tsoka ya fi gina ta sauƙi nesa ba kusa ba.

Na biyu kuwa kwaɗayi ne. A Afrilu na ga bidiyon masu yin kwana shida, rana ɗaya turi, rana ɗaya ja, rana ɗaya ƙafa, a sake maimaitawa. A takarda ba shi da aibu, kowace tsoka na samun sau biyu, zaman kuma gajere. Amma Afrilu ce fa, ga zafi, ga rashin wuta, barcin awa biyar ake yi ana fifita. Kwana goma sha ɗaya na yi, gwiwar hannuna ta dama ta fara zogi, turin benci ya sauka daga sau takwas zuwa biyar a nauyi ɗaya. A shafin wannan ranar abin da na rubuta kawai shi ne "ba ni da ƙarfi," na ja layi biyu a ƙarƙashi. Na huta kwana huɗu na koma tsarina.

Ga lissafin wata bakwai. Turin benci daga kilo 45 zuwa 62.5 sau takwas. Tsugunno daga 50 zuwa 80. Nauyin jikina daga 63 zuwa 67, damtse ya ƙaru da santimita biyu a tef ɗin telanmu. Ba zan ɗora wa tsarin duk wannan ba, domin sabon shiga ko me ya yi da gaske zai ga canji a shekarar farko, kuma a wannan tsakanin ne na gyara cin abinci. Abin da masana suka fi tsayawa a kai shi ne kamar giram 1.6 na furotin, sinadarin abinci mai gina jiki, ga kowane kilo na nauyin mutum a rana, ni ke nan giram ɗari da 'yan kai. Ƙwai ɗaya giram shida ne, ku yi lissafi ku ga ƙwai kaɗai ba zai kai ku ba sai aljihu ya yi kuka. Wake, awara, nono, ƙuliƙuli da busasshen kifi su ke cike min gurbin.

Ku da kuka fara kwanan nan, kafin ku zaɓi tsari ku duba makonni huɗun da suka wuce, ku ƙirga kwanakin da kuka je da gaske, ba waɗanda kuka yi niyya ba. Idan uku ne, ku yi dukkan jiki sau uku, kwana ɗaya tsakani. Masu ɗaga simintin da aka zuba a bokitin fenti a zaure maimakon ƙarfe ma haka, sai dai ku auna ɓangarorin biyu a sikelin mai awo, domin na taɓa ɗaga irinsa na tarar hagu ya fi dama da kusan kilo biyu. Idan huɗu ne, sama da ƙasa zai yi muku.

Abin da ya rage min yanzu shi ne baya. Jan jiki a sanda ya tsaya a sau bakwai tun farkon Mayu, ya ƙi gaba. Ina zargin don kullum bayan benci yake zuwa, hannu ya riga ya gaji. Daga wannan Talatar zan mayar da shi farko a ranar sama ta biyu, in bar Asabar yadda take, in ba shi makonni takwas. Ƙarshen Agusta zan sake zuwa wurin tela da littafin.