Igiyar awo da rumfar Baba mai shayi

Talata, Yamai

Yau dai muka fara kafa turaku a gefen gudron ɗin da ya nufi Doso. Wata uku ke nan kwamitin unguwarmu yana zama a kan maganar: hanyar ƙafa mai faɗin mita 3, a ja ta baya da kwalta, itatuwa a jere tsakaninta da motoci, don 'yan lakkol da masu keke su daina goga kafaɗa da manyan kamiyo. A takarda abin gwanin kyau, layi ɗaya miƙe sambal.

Ba mu yi nisa ba igiya ta ratsa tsakiyar rumfar Baba mai shayi, daidai kan murhunsa. Ya dube ta, ya dube ni, ya ce, "Ɗana, ni za ku shuka ko bedi?" Na fara yi masa bayanin zane, ya katse ni da ludayi a hannu: "Bar takarda, dubi ƙasa." Na duba. Ashe sawun mutane ya riga ya fitar da tasa hanyar, siririya, ta kewaye rumfar ta baya, ta kauce wa wani kwari. Ya ce da damina ruwa na kwana uku a wurin. Mu da muka yi zanen cikin rani ina za mu sani? Muka tumɓuke turaku bakwai muka bi sawu. Na ɗan ji kunya, ba zan ɓoye ba.

Da rana gardama ta koma kan irin icen. Wasu na son mangwaro saboda yara. Ni bedi na tsaya a kai, don a Buza na tashi, na ga layukan da aka fara dasawa a kwarin Majiya tun 1975 suna tare wa gero iska. Wani dattijo ya ce ba iri ne matsalar ba. Ya tuna mana dajin bedin da aka fara kewaye Yamai da shi a 1965, yau gidaje da juji sun cinye masa wurare da yawa. Kowace 3 ga Agusta ana dashe, a ɗauki hoto, a watse. Wa zai ba da ruwa daga Maris zuwa Mayu? Wa zai kori awaki? Kowa ya yi tsit, har da ma'ajinmu, wanda ya san kuɗin 'yan garuwa ba ya cikin lissafi.

Baba ne ya ce a ba shi itatuwa biyar, ruwan wankin kofunansa ya ishe su, amma ɗaya a dasa masa kusa da benci. Na rubuta sunansa a gaban lamba 12 zuwa 16.

Da magariba na biyo ta wurin, turaku biyu sun yi ƙafa. Gobe da fenti zan zo, in sa alama a kan duwatsu.