Abin da akwatin kifi ya koya mini a shagon gilashi

Na bar shagonmu na gilashi da alminiyom bayan Babbar Sallah, kuma tun lokacin abokan sana'a suke tare ni a hanya suna tambaya ko da gaske saboda akwatin kifin nan da ya fashe ne. Saboda shi ne. Labarin da ya zaga cikin ƴan gilashin Maraɗi, daga Sabon Gari har Ali Ɗan Sofo, shi ne wai hannuna ne bai iya zuba silikon ba, wato gam ɗin da ake haɗa gilashi da shi. Bari in faɗi yadda aka yi, ko don yaran da ke shaguna yanzu su san abin da ke gabansu ranar da aka kawo musu irin wannan aiki.

Akwatin farko nawa ne. Da guntayen gilashin da suka rage a shago na haɗa shi: tsawo santimita 60, faɗi 30, zurfi 30, yana cin lita 54. Gilashi mai kaurin milimita 6 ya ishi irin wannan har da rara. Baba kafinta na bayan layinmu ya yi mini mazauninsa, na samo ƴan karfasa wajen masuntan tafkin Madarunfa na zuba, na ajiye a bakin shago. A nan wani Alhaji ya gani, ya ce yana son babba a falonsa kafin bikin ɗiyarsa. Maigidanmu na shago ya karɓi aikin nan take, tsawo 120, faɗi 50, zurfi 60, ya yi masa kuɗi a kan gilashi mai milimita 10.

Gilashin taga iska yake tarewa da ƙura. Na akwatin kifi kaya yake ɗauke da shi dare da rana, babu hutu. Lita ɗaya ta ruwa kilo ɗaya ce. Ka buga 120 sau 50 sau 60 ka raba da 1,000, za ka samu lita 360, wato kilo 360 na ruwa zalla. Gilashin kansa, in mai milimita 10 ne, ya kai kilo 66. Ka ƙara yashi da duwatsu, nauyin buhun siminti tara ke nan a kan wurin da bai fi ƙaramin teburi ba. Kuma ba ƙasa kaɗai ruwa yake dannawa ba, yana tura gefe. In akwati irin wannan ya cika, gilashin gaba shi kaɗai yana tare tunkuɗar kilo 216, kuma zurfin ruwa ne ke kawo ta. Shi ya sa akwati mai faɗi marar zurfi yake zama lafiya da siririn gilashi, mai zurfi kuwa ba ya yarda. In aka ninka kaurin gilashi sau biyu, ƙarfin ɗaukarsa sau huɗu yake ninkuwa, don haka tsakanin milimita 6 da 10 akwai tazara mai yawa, ko da ido yana ganin ɗan bambanci ne.

Ranar yanka, sai Maigida ya nuna mini faranti biyu na milimita 6 da suka rage daga aikin wani kanti, ya ce da su za a yi. Na ce, "Maigida, wannan ba zai ɗauka ba, zurfin ya yi masa yawa." Na ɗauko takarda na nuna masa lissafin. Bai ko duba ba. Ya ce, "Kai yaro, tun ba a haife ka ba nake yanka gilashi." Na roƙe shi ko da ɗamara a yi masa, wato siraran gilashin da ake mannawa a bakin akwati, biyu a tsawonsa, ɗaya ta ratsa tsakiya, su hana gaba da baya buɗewa. Ya ce za su ɓata kyaun abin, Alhaji ba zai so ba. Wannan magana a gaban yaran shago duka aka yi ta, kowa ya ji.

Nawa aikin na yi shi yadda ya kamata. Na goge bakin kowane faranti har ya daina kaifi, na wanke wuraren haɗi da alkol ɗin farmasi don kada maiƙon hannu ya hana kamu, na zuba silikon layi ɗaya ba yankewa, ba kumfar iska a ciki. Na nemi mako guda ya bushe, sannan a cika shi da ruwa a tsakar shago a bar shi ya kwana biyu a gani. Biki ya matso, aka ce babu wannan lokacin. Mazaunin ma ba a ba Baba ba, don ya ce ba ya aikin gaggawa. Wani aka samu ya buga shi da farin katako da ƙusoshi cikin yini ɗaya, ƙafafu huɗu, tsakiya babu komai.

Biki bai ƙare ba akwatin ya fashe, cikin dare. Allah Ya kiyaye babu yaro a kusa. Ruwa ya cika falo, darduma da kujeru suka jiƙe, kifayen ado da aka sayo da tsada suka mutu a kan tayil.

Da safe muka je. Abin da na fara dubawa haɗin kusurwoyi ne, kuma duka huɗun suna nan daram, da guntayen gilashi maƙale a jikin silikon. Gilashin gaba ne ya tsage daga tsakiya, mazaunin kuma ya lotsa daidai wurin. Ko ɗan koyo ya gani ya san abin da ya faru. Amma Maigida ya durƙusa gaban Alhaji ya ce, "Ranka ya daɗe, a yi haƙuri, aikin yara ne. Na yarda da shi ne, ashe bai iya gam ba." Ina tsaye a bayansa. A tarbiyyarmu yaro ba ya ƙaryata maigidansa a gaban baƙo, shi ma ya san ba zan yi ba, da wannan ya dogara. Alhaji ya dube ni ya ce, "Samari, a riƙa kula da aiki." Na ce, "To, Alhaji." Da muka koma shago aka ce asarar daga kuɗin aikina za ta fita. Kuɗin ba su ci mini rai ba kamar yadda yaran da suka ji gargaɗina da kunnuwansu suka sunkuyar da kai suka yi shiru. Ban riƙe su a zuciya ba, kowa da bakin da yake ciyarwa a gida, amma daga ranar zaman shagon ya fita daga raina.

Wajen Baba kafinta na tafi da yamma, shi ne ya zaunar da ni ya koya mini abin da ya kamata a sani game da mazauni. Ya ce, "Ɗana, ƙusa riƙewa take yi, ba ta ɗaukar kaya." Katakon saman dole ya zauna a bisa kan ƙafa, itace a kan itace, nauyi ya bi ta cikinsa ya sauka ƙasa. In aka liƙa katako a gefen ƙafa da ƙusa ko sukuru, to ƙarfen ne ke ɗauke da komai, kuma a hankali zai ci itacen ya sassauta. Akwati mai tsawon mita da wani abu yana son ƙafafu shida, biyu a tsakiya. A rufe baya da faffaɗan katako don kada ya yi rawa gefe da gefe. Jan katako busasshe ya fi, don ɗanye in hunturu ya buge shi murɗewa yake, damina ta zo ya kumbura, gilashi kuwa ba ya lanƙwasa ya bi katako, tsagewa yake. A shafe shi da fenti ko banish saboda ruwan da ke zuba, a yi wa ƙafafun maganin gara. A ɗora ma'aunin magina mai kumfar ruwa ta kowace fuska bayan an kai shi inda zai zauna, don ba kowane daɓe ne yake a miƙe ba. Tsakanin katako da gindin akwati kuma a shimfiɗa farin soson nan na cikin kwalin firji, ya shanye ɗan tudu ko tsakuwar da ido bai gani ba.

Sauran abubuwan da na koya gajeru ne. Silikon na banɗaki mai maganin funfuna guba ne ga kifi, a nemi zalla mai warin tsami. Gilashin da aka gasa don ya ƙara ƙarfi ba ya yankuwa, tarwatsewa yake. Ruwan famfo a bar shi ya kwana a buɗe kulorin ya fita. Sabon akwati ba a cika shi da kifi rana ɗaya, sai a fara da kaɗan na ƴan makonni. A watan Afrilu da Mayu, lokacin da zafin Maraɗi ke haura digiri 40, ruwa ba ya riƙe iska sosai, in kuran ya ɗauke injin kumfa mai ba ruwa iska ya tsaya irin su tarwaɗa ne kaɗai ba su damu ba, don haka a rage yawan kifi, a kawar da akwati daga taga.

Yanzu a zauren gidanmu nake aiki. Duk wanda ya zo, kafin in taɓa gilashi sai na rubuta awo da kauri da kwanakin bushewa a takarda, ya riƙe ɗaya in riƙe ɗaya, sannan in auna kaurin farantin a gabansa ya gani da idonsa. Wanda ya ce a rage kauri don a rage kuɗi, in ce masa a rage zurfi, in ya ƙi ya nemi wani. Mazauni kuwa Baba kaɗai nake ba, ko zai ɗauki wata guda. Tsohon maigidana muna haɗuwa a masallacin Juma'a, ina gaishe shi da girmamawa don shi ya fara ɗora mini abin yanka a hannu. Kuɗin da ya riƙe har yau bai ce komai a kansu ba, kuma ban ji ya gyara maganar da ya faɗa a gaban Alhaji ba.