Ƙurajen saiwar waken suya

Asabar, bayan isha'i.

Ruwan daren jiya ya jiƙa ƙasa sharkaf, shi ya sa da hantsi na bi Kawu gonar bayan gari. Waken suyan ya fara fure, ganye kore shar, har na fara lissafin buhuna a zuci. Auta ne ya katse min lissafin. Garin cirar ciyawa ya haɗa da gindin wake guda ya tuge, saiwa da komai. Kawu ya karɓa zai yi masa faɗa, sai ya tsaya yana jujjuya saiwar a hannu.

"Ka gani ko? Dama na ce irin nan na malamin gona da walakin. Dubi ƙuraje."

Ga su nan kuwa birjik, manne da saiwar kusa da gindi, wasu sun kai ƙwayar dawa girma. Na ɓalle ɗaya, ya fita ba gardama, na fasa shi da farce. Cikinsa ja-ja kamar ɗanyen nama. Na ce Kawu ai wannan abin murna ne. Cutar da kake tsoro, irin wadda ke kama tumatir da kuɓewa, saiwar ce da kanta take kumbura, ba ta ɓalluwa haka. Waɗannan kuwa ɗakuna ne da shukar ta gina wa wasu ƙwayoyin halitta da ido ba ya gani, ana ce musu rizobiya. Ita ta ba su sukarin da ganyenta ke haɗawa da hasken rana, su kuma su kamo mata naitirojin, sinadarin da shuka ke buƙata don ta girma, daga iskar da ke ratsa ƙasa. Kashi 78 cikin 100 na iskar da muke shaƙa naitirojin ne, amma shuka ba ta iya ɗaukarsa a haka sai an sarrafa mata. Shi ɗin dai muke biya da tsada a buhun yuriya, inda bai wuce kashi 46 ba. In ka fasa ka ga ja, suna kan aiki. In fari ne ko kore, zaman banza suke.

Na tuna masa da garin nan baƙi mai ɗauke da rizobiya, NoduMax, na cibiyar binciken noma ta IITA da ke Ibadan, wanda muka cuɗa iri da shi ranar shuka, da ruwan ƙaro don ya kama, muka shanya a inuwar ɗorawa saboda rana tana kashe su. A ranar cewa ya yi gawayi aka daka aka sayar mana.

Bai ce na yi gaskiya ba, kun dai san Kawu. Cewa ya yi, "Wannan ai ba labari ba ne. Tun muna yara mun san gonar da ta ci wake bana, baɗi dawa take so. Je ka gindin gawo ka ga gero."

Nan ma ba ƙarya ya faɗa ba. Gawo dangin wake ne, shi ma yana da irin waɗannan baƙi a saiwa, ga shi da damina yake zubar da ganye, ba ya tare wa amfani rana. Sai a 1888 wani masani ɗan ƙasar Holan, Beijerinck, ya iya ware ƙwayar ya raine ta a ɗakin bincike, alhali manoma sun daɗe suna jujjuya wake da hatsi ba su tambayi kowa ba. Muka yi dariya, Auta ya tsira daga faɗa.

A hanyar dawowa ne Kawu ya jefo tambayar da ta hana ni sakat har yanzu. "To in kaka ta yi mun kwashe, su ƙwayoyin nan me za su ci?"

Shiru na yi, don na san yadda muke yi. Yawancin naitirojin ɗin da waken suya ya tara a ƙwaya yake, ya shiga buhu ya tafi Dawanau. Wake da gyaɗa kuwa harawarsu a naɗe ta a ɗora kan soro. Karan dawa ya tafi danni da murhu. Ɗan abin da ya saura dabbobi su kalace, ragowar a cinna masa wuta lokacin sharar gona. Daga Nuwamba har faɗuwar ruwa ƙasa tana kwance tsirara, hunturu ya kwashe samanta, bazara ta gasa ta. Ba rizobiya kaɗai ke ciki ba, akwai masu ruɓar da kara ya koma taki, akwai masu zare siriri da ke manne wa saiwa suna janyo mata fosforas daga inda ba ta kaiwa. Duk sai da abin da za su ci.

Na ce ko za mu bar ko da rabin karmami da kara a gona bana. Ya tsaya cak, ya saɓa fartanya.

"Harawar da nake kiwata ragunan layya da ita? Ɗana, kai ƙarshen wata ana tura maka albashi."

Ta yi min zafi. Da waɗannan ragunan ya aurar da 'ya'yansa mata, na sani. Har muka shigo gari ba wanda ya sake tanka wa wani, sai gaisuwa da mutanen hanya.

Gwaggo ta aiko da dambu. Maman yara ta ce fuskata ba daɗi, na ce gajiya ce. Wuta ba ta zo ba tun safe.

Abin da na tsayar dai, ran kasuwa zan tambayi kuɗin mangalar takin gida, kuma zan yi wa Fulanin da ke sauka bayan rafi magana ko za su kafa shanunsu a gonar da rani, yadda ake yi a zamanin Kaka. Ban gaya wa Kawu ba tukuna. Gobe akwai ɗaurin aure a Bichi, ko guga ban yi ba.