Yadda na tsara horo ga manyan da ke riƙe hannun ɗaliban sakandare

Aikin da ƙungiyarmu ta ɗora mini shi ne in tsara horon da za a bai wa manya masu sa kai, kafin a haɗa kowannensu da ɗalibin sakandare da ake fargabar zai bar karatu. Akwai ma'aikata a cikinsu, da 'yan kasuwa, da malaman da suka yi ritaya. Kowa da kyakkyawar niyya ya zo, kuma kusan kowa da nasiha a bakinsa: darajar ilimi, wuyar da ya sha a zamaninsa, abin da ke jiran wanda ba shi da takardar shaida. Yaron da ya fara fashin makaranta ya sha jin wannan a gida da aji har ya haddace. Shi ya sa na gina horon a kan daɗewar jagora tare da yaro da abin da idonsa zai riƙa dubawa, na mayar da batun nasiha baya.

Daɗewa na sa a gaba. A 2002 Jean Grossman da Jean Rhodes sun wallafa bincike kan matasan shirin Big Brothers Big Sisters na Amurka, inda suka ga waɗanda alaƙarsu da jagora ta kai shekara ko fiye su suka fi amfana. Waɗanda tasu ta watse kafin wata 3 kuwa baya suka koma, har yadda suke ganin kimar kansu ya ragu. Da wannan nake buɗe zaman farko, ba na sassautawa. Yawancin yaran nan manya sun riga sun yi musu alkawari sun saɓa, kuma da muguwar rawa gara ƙin tashi. Nakan roƙi duk wanda ya san ƙaura ko sauyin aiki na gabansa ya janye tun da wuri. Wasu sukan janye, ni kuma in gode musu har zuciya.

Sai abin dubawa. Na ɗauki darasi daga shirin Check & Connect da aka ƙirƙiro a Jami'ar Minnesota a 1990, wanda jagora ke bin zuwan ɗalibi makaranta, da ɗabi'arsa, da makinsa, kuma ya ɗauki alkawarin aƙalla shekara 2. Masu bincike na Jami'ar Chicago ma sun nuna a 2005 cewa ɗalibin da ya gama aji na 9 (shekarar farko ta babbar sakandare a Amurka) da isassun darussan da ya ci, kuma bai faɗi fiye da ɗaya daga manyan darussa ba, ya fi wanda bai yi hakan ba damar kammalawa fiye da sau uku. Ma'ana, barin makaranta yana da alamu tun da nisa. Fashin kashi 10 cikin 100 na kwanakin karatu, kwana 18 ke nan a shekara mai kwana 180, bai wuce kwana biyu a wata ba, shi ya sa ba a lura da shi. Nakan raba musu takardun kiran suna na gwaji in ce su nemo inda matsalar take. Wani ya ga fashin duk ranar darasi guda yake faɗowa, wata ta ga makarar kullum a darasin farko take. Daga nan tambaya take canjawa, ta tashi daga "me ya sa ba ka zuwa?" ta koma "me ke faruwa da safe?"

Inda na fi kashe lokaci shi ne kwaikwayo. Mutum biyu, ɗaya jagora, ɗaya yaro. Mai kwaikwayon yaro ya sunkuyar da kai ya ce, "Malam, ni fa karatun nan ba ya shiga kaina." Kafin ya rufe baki jagora ya tare shi: "Haba, kada ka sake faɗin haka, kana da ƙwaƙwalwa!" Magana ce mai daɗi, amma ta rufe ƙofa, yaron ba zai ƙara cewa komai ba. Sai mu sake. A wannan karon jagora ya tambaya, "Wane darasi ne ya fi ba ka wuya?" sannan ya yi shiru. Shirun nan shi ne abin da ya fi gagarar manya, musamman tsofaffin malamai, waɗanda suka saba cike aji da muryarsu. Na ga masu iya magana suna gumi a kan jiran rabin minti. Amma waɗanda suka taka rawar yaro su ne suka fi ba da shaida, domin sun ji a jikinsu lokacin da aka saurare su da lokacin da aka yi musu huɗuba.

Iyakoki ba sa buƙatar dogon bayani, sai dai a faɗe su ƙarara. Ba a ba yaro kuɗi daga aljihu, ba a keɓewa da shi a inda babu idon mutane, kuma ba a yi masa alkawarin rufe kowane sirri. Tun haɗuwar farko jagora zai gaya masa cewa idan maganar cutarwa ce, ko ana cutar da shi ko yana shirin cutar da kansa, a ranar za a sanar da jami'in da aka ware.

Babban abin da aikin ya koya mini shi ne horon farko ba ya riƙe mutum. Wajen wata na biyu ko na uku yaro kan daina ɗaga waya, ko a yi alkawari ya ƙi zuwa. Jagora sai ya ɗauka ba a son sa, kunya ta hana shi faɗa, ya sulale. Sau da yawa gwaji ne yaron ke yi, yana so ya ga ko wannan ma zai tafi. Don haka na mayar da rabin horon bayan haɗawa: kiran waya duk wata daga mai kula da shirin, da zaman da jagorori ke baje matsalolinsu a gaban juna. Na kuma ƙara darasi kan rabuwa. Wanda dole ta sa zai bari, zai zauna da yaron ido da ido, ya faɗa masa dalili da ranar, ya tabbatar masa ba laifinsa ba ne, sannan ya gabatar da shi ga wanda zai karɓe shi.