Hular da ban ce a cire ba

Sau uku wani dattijo baduku ya zo gabana a asibitin da nake aiki a Sakkwato, sau uku ina sallamarsa da maganin rage zafi. Yatsansa na tsakiya ne ya kumbura tun daga gindi har kai, kamar ƙosasshiyar kuɓewa, ga dunduniya da ke hana shi taka ƙasa da asuba. Basilla ma ta gagare shi riƙewa. Gwajin jinin da muka saba yi wa masu ciwon gaɓɓai bai nuna komai ba, sai na ce a raina sanyin ƙashi ne da girma.

Zuwansa na huɗu babbar likitarmu tana kusa. Ta kama hannunsa, ta daɗe tana duban farce, duk ƙananan ramuka kamar an caccaka da allura. Sai ta ce, "Baba, don Allah a ɗan cire muna hula." Ya yi jim, don dattijo ba ya son zama kai buɗe cikin mutane, sannan ya cire. Ƙeya da bayan kunne duk ɓawo ne mai kauri, toka-toka, yana zuba a wuyan riga.

"Wanga amosanin kai ai ya fi shekara goma gare ni, ɗiyata," in ji shi. "Mi ya haɗa shi da yatsa?"

Ashe komai ya haɗa su. Soriyasis ce, cutar da garkuwar jiki ke juyawa kan fata, kuma cikin masu ita har kusan mutum 3 cikin 10 tana iya sauka gaɓɓai, galibi bayan shekaru da fitowar ta fata. Abin da ya ba ni kunya shi ne Bahaushe ya riga ni: amosanin kai, amosanin gaɓɓai, kalma ɗaya ya ba su tun kaka da kakanni. Ni kuwa da na yi karatu, hotunan littafina jajayen tabbai ne a farar fata. A fatarmu duhu suke yi, ko su yi toka, sai a ɗauka makero ne ko kyasbi.

Daga nan na koma karatu da gaske. Tun 1973 likitoci biyu a Ingila, Moll da Wright, suka fayyace kamannin wannan ciwon gaɓɓai na soriyasis guda 5, a 2006 kuma aka fitar da ma'aunin gane ta mai suna CASPAR, wanda ke ba fata da farce da kumburin yatsa maki. Magunguna sun yi nisa ƙwarai. An fara da allurai masu toshe sinadarin kumburi na TNF, irin su adalimumab. A 2016 Amurka ta amince da sekukinumab mai tare wani sinadarin kumburin, IL-17, a 2017 ƙwayar tofasitinib, a 2020 guselkumab mai tare sinadarin IL-23. Masu tare IL-17 da IL-23 ɗin nan sukan share fata fes.

Sai dai kuɗinsu ya fi ƙarfin baduku, in ma an samo su. Galibinsu kuma allurai ne da ke son sanyin digiri 2 zuwa 8, a garin da zafin Afrilu ke wuce 40, wuta kuma sai ta ga dama. Kafin a fara su dole a bincika tarin fuka da ciwon hanta nau'in B, don suna iya tayar da wanda ke kwance, kuma mu nan ba baƙinmu ba ne.

Binciken da ya fi yi mini amfani bai ƙunshi wani sabon magani ba. A 2015 likitocin Dublin suka nuna cewa jinkirin da ya wuce wata 6 kafin ganin ƙwararre yana ƙara yawan gaɓɓan da ke lalacewa. A shekarar kuma gwajin TICOPA na Ingila ya nuna waɗanda ake dubawa duk mako 4, ana gyara musu magani har a kai ga abin da ake nema, sun fi waɗanda ake gani duk mako 12 samun sauƙi. Wannan kam ba ya neman firiji. Na lissafa zuwan Baba uku, wata 7 ke nan a hannuna.

Muka duba hantarsa, muka sa shi kan metotirezet. Maganin sau ɗaya ake sha a mako, wanda ya sha kullum zai iya halaka, don haka na ce masa, "Baba, ranar Juma'a kawai, in an sauko masallaci. Folik asid kuma ranar Lahadi." Na roƙe shi ya bar ƙwayoyin kemis masu sa ƙiba, wato sitiroyid, don in aka yanke su farat ɗaya fatar kan yi bore fiye da da.

Bayan wata 4 ya dawo, kumburi ya saɓe, ƙeya ta yi sauƙi. Tun daga ƙofa ya cire hula da kansa yana dariya, ya miƙo mini ɗan jakar jar fata da ya ɗinka. Ɗinkin ya ɗan karkace a gefe guda, don gaɓar ƙarshe ta yatsan nan ta riga ta lanƙwashe, ba ta kuma miƙe ba.