Ni da sertraline: wata huɗu ke nan

Ranar da likita ta rubuta mini sertraline saboda ciwon damuwa da fargabar da suka hana ni sakat, cewa ta yi in fara da rabin ƙwaya, miligiram 25, na mako guda, sannan in koma 50. Kwanakin farko ban ji da daɗi ba. Tashin zuciya tun asuba, hannuna na ɗan rawa in na ɗauki kofin shayi, dare kuma ido biyu. Sai na mayar da shan maganin bayan karin kumallo, da koko da ƙosai a cikina, abin ya lafa.

Sauƙin kansa bai zo da wuri ba. Sai wajen mako na biyar na lura na yi wanka, na fita kasuwa, ƙirjina bai buga ba.

Kuskurena ya zo a wata na uku. Na ga na warware, maganin ya ƙare, na ƙi sayen wani. Kwana uku tsakani jiri ya taso mini, ga wani abu kamar fizgar lantarki a cikin kai, ga kuka ba dalili. Yayata ta ce, "Ƙanwata, tashi mu koma asibiti yau ɗin nan."

Likita ba ta yi faɗa ba. Ta mayar da ni kan 50, ta ce sai na yi aƙalla wata shida bayan samun sauƙi, sannan mu riƙa ragewa kaɗan-kaɗan tare. Yanzu ina da ɗan littafi a gefen gado, kullum ina rubuta barcina da yadda na tashi, in kai mata ranar ganin likita.