Talata, bayan laccar ƙwaƙwalwa

Zafi ya yi zafi yau, ga ba wuta, amma laccar ƙarfe goma ta hana kowa gyangyaɗi. Malam ko jaka bai ajiye ba ya ce, "In na ce tuwo, me ya faɗo muku a rai?" Aji ya ɗauka baki ɗaya: miya! Wani daga baya ya ce kuka, aka bushe da dariya.

Daga nan ya kawo gwajin Meyer da Schvaneveldt na 1971. Ana nuna wa mutum kalmomi biyu ya faɗa ko kalmomi ne na gaske ko haruffa ne kawai marasa ma'ana. In likita ne da nas, ya fi saurin amsawa kan in an haɗa likita da burodi. Tazarar ba ta kai ƙiftawar ido ba, amma na'ura tana kama ta. A 1975 Collins da Loftus suka ce sani a sarƙe yake kamar komar masunta, ka ja zare ɗaya na kusa da shi duk su motsa.

Abin da ya tsaya min a rai shi ne marasa lafiyar da Warrington da Shallice suka yi rahotonsu a Landan a 1984. Cutar kumburin ƙwaƙwalwa ta taɓa su. Ka tambaye su kayan aiki, su yi maka bayani daidai gwargwado. Ka kawo dabba ko tsiro, sai kame-kame. Sanin dangin abubuwa guda ya tafi, na wani dangin yana nan zaune. Wannan ya ba ni tsoro, wallahi.

Bayan magariba ƙanina yana tilawa a tsakar gida, Baba na kishingiɗe yana saurare. Yana cikin Baƙara, wajen aya ta 58 inda aka ce wa Banu Isra'ila su shiga alƙarya, sai kawai ya zarce cikin A'arafi. Aya ta 161 a can kusan lafazinsu ɗaya. Shi bai ma ji ya sauya hanya ba, karatunsa yake zubawa da daɗin murya.

"Kai, ina za ka? Dawo!" in ji Baba.

Na so in kawo zancen Collins da Loftus, na ga alarammomi sun daɗe da sanin wannan ramin, mutashabihai suke ce masa, wato ayoyi masu kama da juna. Baba ya ce gobe da asuba ya rubuta ayoyin biyu a allo ɗaya, ɗaya ƙarƙashin ɗaya, kada ya wanke sai ya nuna masa da yatsa inda suka rabu.